Kafin Mu Ɗora wa Aljanu

Jama'a, idan saurayi ɗan shekara ashirin ya fara ƙaurace wa mutane, ya daina wanka, yana jin muryoyi suna zaginsa alhali ba kowa a ɗakin, ko ya dage cewa an zuba masa guba a tuwo, a gidajenmu magana ɗaya ce: shafar aljanu ce, ko sammu. Sai a nufi mai ruƙiyya, daga nan boka, wani lokaci har gidan mari. Likita sai a ƙarshe, bayan an sayar da awaki, ciwo ya riga ya zauna da gindinsa.

Likitoci suna kiran wannan lalura sikizofiriniya. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce tana samun kusan mutum 1 cikin 300, kuma ba ta ware ƙabila ba. Fassarar da kowace al'umma ke yi mata ce ta bambanta. Mu mun ɗora wa iskoki. A kudu da yawa sukan fara da coci ko masu maganin gargajiya. A Ingila kuwa baƙaƙen fata da dama suna ƙyamar asibiti, domin an fi tsare su can da ƙarfin doka fiye da fararen fata. Ko ta ina aka bi, jinkiri ake samu, jinkirin kuma yana rage damar samun sauƙi.

Ba a ce a bar addu'a ba. A 1954, Dakta Thomas Lambo ya zaunar da marasa lafiya tare da danginsu a ƙauyen Aro kusa da Abeokuta, ya haɗa kai da masu maganin gargajiya, bai raina abin da mutane suka yi imani da shi ba, kuma bai yar da maganin asibiti ba. Mu ma muna iya yin tofi da safe, mu kai ɗanmu asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau ko Barnawa ko Kware da rana. Amma sarƙa da bulala zalunci ne, ko da sunan magani aka yi su, dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a 2023 ma ta ba marar lafiya haƙƙinsa.

Ku iyaye, na san tsoronku: kada a ce gidanku akwai hauka, 'yan mata su rasa manema. Ɓoyon nan shi ke kai ɗanku yawo a bakin kasuwa. Kuma idan ya samu sauƙi, kada a ce ya warke a yar da ƙwayoyi ko allurar wata-wata. Ciwon yakan dawo idan aka daina magani ba da izinin likita ba.