Wa Zai Ɗauki Alhakin Na'urar Da Ke Bin Tunani?

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah, wanda ya sanar da ɗan Adam abin da bai sani ba.

A shekarar 2012, masana a Jami'ar Brown ta Amurka suka bayyana yadda wata mata mai shanyewar jiki ta sha kofi da hannun ƙarfe. An dasa mata ɗan ƙanƙanin faifai a ƙwaƙwalwa, kwamfuta na karanta saƙon jijiyoyinta, hannun na motsi. Ita ke nufi, na'ura ke cikawa.

Manomin Rano ko na Kibiya ba zai sha wuyar gane wannan ba. Shanun huɗa ke jan garma, amma shi ke riƙe da ita. In suka ɓarnata shukar maƙwabci, ba sa ne za a kira gaban alƙali ba. Risalar Ibn Abi Zaid ta ɗora lamuni a kan mai kora dabba, da mai janta, da mai hawanta. Na'ura ba mukallafa ba ce, saboda haka alhaki na komawa ga mai sarrafa ta, ko ga maƙerinta in aibin daga ƙira ne.

Sai dai hadisi ya tabbata a Buhari da Muslim cewa an yafe wa al'umma saƙe-saƙen zuci muddin ba a furta ko an aikata ba. Lalle ne maƙera su sa na'ura ta bambanta ƙudurin niyya da wasuwasi mai wucewa, don kada taimakon naƙasasshe ya zame masa kaya. Allah shi ne mafi sani.