Wanda Ya Je Gari Ya Ga Kowa da Wutsiya

A 'yan shekarun nan matasanmu sun ƙara sa ido a kan ƙananan ƙasashen Larabawa na bakin teku, wasu don fatauci, wasu don ƙwadago, wasu ziyara kawai. Mai shirin tafiyar farko yakan damu da fasfo da biza da kuɗin jirgi. Akwai wata tambaya da ba kasafai ake yinta ba, alhali ita ya kamata a fara warwarewa tun ana gida: me baƙo zai yi idan ya tarar masu gari ba yadda ya zata suke ba?

Mu ɗauki Bahrain. Tsibirai ne a gabashin Saudiyya, gadar Sarki Fahad mai tsawon kilomita 25 ce ta haɗa su da ita tun 1986. Ƙasar duka ba ta kai murabba'in kilomita 800 ba, wato wajen kashi ɗaya cikin goma na yankin Abuja. Mutanenta kimanin miliyan ɗaya da rabi ne, kuma fiye da rabinsu baƙi ne, daga Indiya, Bangaladash, Pakistan, Filifin da sauransu. Gidan sarautar Al Khalifa 'yan Sunna ne, suna mulki tun 1783, 'yan ƙasa masu yawa kuwa 'yan Shi'a ne. A Manama, babban birnin, akwai masallacin Al-Fatih mai ɗaukar dubban masallata, akwai wurin bautar 'yan Hindu da ya haura shekara 200, akwai na Yahudawa. A Awali kuma an buɗe wani babban cocin Katolika a watan Disambar 2021. Wasu otel-otel ma ana sayar da giya.

To, ɗan uwanmu da ya taso da tunanin duk ƙasar Larabawa tamkar Madina ce, ya sauka ya ga wannan, yaya zai yi?

Hausawa sun ce in ka je gari ka ga kowa da wutsiya, kai ma ka nemi taka ka ɗaura. Maganar tana da gaskiya, amma ba a bin ta ido rufe. In wutsiyar ita ce bin layi, da kiyaye dokar hanya, da zuwa aiki a kan lokaci, da koyon gaisuwar mutane, ai sai ka ɗaura da sauri. In kuwa ita ce barin sallah don babu mai ganinka, ko shiga wurin da a Yangoji kunya ba za ta bar ka ka shiga ba, to an wuce gona da iri. Halin da sai da idon maƙwabta yake tsayuwa, tun asali aro ne.

Ga kuma ɗaya gefen, wanda shi ma ɓarna ne. Wani yana sauka sai ya zama alƙalin gari: wannan ɗan bidi'a, wancan kafiri, wancan ya lalace. Sai ya ja musun aƙida da abokin aiki, ko ya ɗauki hoton taron Ashura ya watsa a Facebook da zagi a ƙarƙashi. Bahrain ta sha rikicin siyasa mai nasaba da wannan rarrabuwa a 2011, kuma hukuma ba ta wasa da maganar da za ta tada shi. Ban da haɗarin kamu ma, wa ya naɗa ka? Bizarka ba ta ce ka zo gyaran masu gida ba.

Abin da ke tsakanin waɗannan biyun shi ne alƙawari. Malaman fiƙihu sun daɗe da yin bayanin wanda ya shiga wata ƙasa da aminci: tunda an amince masa ya shigo, haramun ne ya ci amanar mutanenta a dukiya ko a jini, ko da ba addininsu ɗaya ba. Biza ita ce wannan amincin a yau. Wanda ya karɓi ta ziyara alhali niyyarsa ya ɓace cikin gari ya yi aiki, ya fara tafiyarsa da ƙarya. Za a ce talauci ne ya kore shi, kuma ba mu musa ba, kowa ya san halin da ake ciki. Sai dai idan aka kama shi, ba shi kaɗai zai biya ba. Ɗan Najeriya na gaba da zai tsaya a gaban jami'in shige da fice shi zai gaji zargin.

Alƙawarin nan kuma hagu da dama ne. Kai ma kana da haƙƙi. Duk dillalin da ya ce ka tafi da bizar ziyara a gyara maka a can, ka yi hattara da shi. Ka ga takardar aikin da idonka, a karanta maka albashi da awannin aiki kafin ka sayar da gona ko babur. Fasfonka kuma naka ne, ba na uban gida ba.

Mu nan ai ba sai an kai mu nesa ba. Yawancinmu daga Kano, Katsina, Sakkwato ko Maraɗi muka zo muka zauna a ƙasar Kwali, cikin Gbagyi da Bassa da Ganagana, ga coci a unguwa, ga masallaci. Ba mu bar sallarmu ba, ba mu kuma tare hanyar masu gari ba. Muna auna musu hatsi da mudu na gaskiya, mu je musu gaisuwar mutuwa, su ma su zo mana. Wanda ya iya wannan zaman a Yangoji ya riga ya haɗa rabin guzurin Manama. Wanda bai iya ba, ya fara koya a nan, inda kuskure ba zai kai shi kurkukun wata ƙasa ba.

Allah ya kai matafiyanmu lafiya, ya dawo mana da su da mutuncinsu, ya sa mu zama masu cika alƙawari a gida da daji. Amin. Juma'a mai albarka.