Gishirin Bilma da Jadawalin Sinadarai

  

Ya ku ƴan'uwa Musulmi, wani uba a nan Belbeji ya kawo mini takardar ɗansa ta lakwal, mai gida-gida kamar hatimi, yana tsoron sihiri ne, har ya ƙudura cire yaron. Na ce masa jadawalin sinadarai ne, guda 118 da aka sani.

Ku dubi kantun Bilma da ayari ke musanyawa da geron Damargu. Sinadarai biyu ne: sodiyom, wanda kan kama wuta in ya taɓa ruwa, da kilorin, iska mai guba. Allah Ya haɗa su, suka zama gishirin miya. Ƙarƙashin sodiyom a jadawalin akwai fotasiyom, na cikin toka. Halinsu ɗaya, sai dai na ƙasa ya fi zafin rai.

Bisa wannan tsari Mandaliyef, mutumin Rasha, ya bar gurabe a jadawalinsa na 1869, ya siffanta sinadaran da ba a gano ba tukuna. A 1875 aka gano galiyom, ya dace da gurbinsa. Ba gaibu ya sani ba, tsarin Mahalicci ya karanta.

Uban ya bar ɗansa a lakwal.