Makanikai, Kada Fanbel Ya Karya Muku Gwiwa

'Yan uwana makanikai, iyayen gida da yaran gareji! Ku ne kuke sayo injin Toyota a Ƙofar Ruwa ko Fanteka, ku dasa shi a jikin tsohuwar Peugeot 504, ku ƙera masa mazauni da walda, motar da aka fid da rai da ita ta koma hanya tana ciyar da iyali. Mai wannan basira bai kamata fanbel guda ya gagare shi ba.

Abin da ciwo, gaskiya ne. Jiya aka sa sabo, yau direba ya dawo yana faɗa: yana ƙara, ya zame daga fuli, ko ya tsinke a daji, fitilar batir ta kama, inji ya ɗau zafi. Kada ku yi saurin cewa jabu ne. Ruwa ba ya tsami banza. Motar da aka yi wa dashen inji ba ta da littafin kamfani, sai abin da idonku ya gani, hannunku ya auna.

Ɗan'uwa, fara da saiti. Kashe inji, ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a fuskar fulin ƙasa, ka ga ko ya yi layi ɗaya da na altaneta da na famfon ruwa. In gefe ɗaya na fanbel ya cinye har zare na fitowa, fuli ne ya kauce. Wani lokacin washa ɗaya ko biyu sun isa. Girgiza ƙarfen da ka yi wa walda don riƙe altaneta: in yana lanƙwasa a hannunka, to a guje ma zai lanƙwasa. Ƙara masa ƙarfi.

Sai ɗauri. Danna tsohon samfurin fanbel da babban yatsa a tsakiyar inda ya fi tsawo. Ya kamata ya nutsa kamar santimita 1. Ya yi sako-sako, ya riƙa zamewa yana kuka. Ya yi tsauri, ya kashe boris ɗin altaneta da na famfon ruwa. In kana kokwanto, tada inji, tattare rigarka, ka fesa ɗan ruwa daga nesa: ƙarar ta ƙaru, ɗauri ne, ta ɗauke na ɗan lokaci, saiti ne.

Kada ka sayo da lambar tsohon inji. Zagaya igiya a kan fulolin ka auna. In ka ga 6PK1750 a jikin fanbel, layi 6 ke nan, tsawo milimita 1750. Leƙa ramin fuli: in gindinsa na ƙyalli, fanbel ya yi siriri ko fulin ya cinye. In baƙin mai na ɗiga a kai, toshe yoyon tukuna, don mai yana lalata roba. Sabulu da man birki da ake shafa wa fanbel kuwa rufa-rufa ne, ku bar su.

Minti goma na awo ya fi zuwa ɗauko mota a hanya da dare. Ku koya wa yaranku auna kafin ɗaure, ku ce direba ya dawo bayan 'yan kwanaki a sake duba ɗauri. Rayukan fasinjoji amana ce a hannunku, kuma kun isa ku riƙe ta. Ku zage damtse, Allah ya sa albarka a guminku!