ƘURAR TAURARUWA MAI WUTSIYA DA HUKUNCIN ZUKATA



A watan Mayun 2017, wata na'urar hangen nesa da ke Hawai ta hango tauraruwa mai wutsiya, aka sa mata suna K2. Tana can bayan Zuhal, kimanin kilomita biliyan 2.4 daga rana. Abin da ya ɗaure wa masana kai shi ne, ƙura ta riga ta lulluɓe ta, alhali a wannan nisan sanyi ya kai inda ƙanƙarar ruwa ba ta motsi. To me ke tayar da ƙurar?

Ainihin jikinta bai kai kilomita 20 ba, amma ƙurar da ta kewaye shi ta kai faɗin duniyarmu sau goma. Ba wanda ya ga cikinta, ƙurar kawai suke karantawa. Suka duba ta da na'urar Hubble, suka tono tsofaffin hotuna na 2013, suka tarar tun a lokacin tana fitar da ƙura. Duk da haka cewa suka yi: mafi rinjayen zato, wasu iskoki ne daskararru ke tashi, kamar kabon monoksaid, irin gubar nan ta hayaƙin janareta.

Ku lura da kalmar: mafi rinjayen zato. Bayan duk wannan wahalar!

Tambayata a nan: shin zahiri yana isa a san baɗini? Yana nuni, ba shakka, labarin zuciya a tambayi fuska. Amma nuni daban, yaƙini daban.

Mu kuwa fa? Bidiyon sakan talatin, an yanke farkonsa an yanke ƙarshensa, shi ke nan mun gama da mutum: wane munafiki ne, wane an saye shi, wane ya bar Musulunci. Subhanallah! Dutse da ƙanƙara sun samu adalcin da ɗan uwanka Musulmi bai samu a wurinka ba.

Ku tuna Usama ɗan Zaid, Allah Ya yarda da shi. Ya kashe mutumin da ya furta shahada a fagen yaƙi, bisa zaton tsoron takobi ne ya sa shi. Manzon Allah (SAW) ya tsananta masa zargi, domin bai tsaga zuciyar mutumin ya gani ba. Suratul Hujurat ma ta umarce mu da bin diddigin labari, ta gargaɗe mu kan yawan zato.

Wani zai ce: Malam, ke nan kar a yi inkarin ɓarna? A'a, a yi. Ka ce wannan magana kuskure ce, ga hujja. Iyakarka ke nan. Niyya kuwa ba gonarka ba ce.

Sannan ka juyo kanka. Kai ma kana tayar da ƙura: sharhin da ka rubuta da tsakar dare, abin da ka tura wa jama'a ba ka tantance ba. Mutane zato za su yi a kanka, amma Wanda Ya halicce ka ba Ya buƙatar zato.

Allah Ya gyara zukatanmu, Ya tsare harsunanmu da yatsunmu. Wallahu a'alam.