Bangaskiya Ko Ganganci?

A ranar 17 ga Janairu 2002, dutsen Nyiragongo na ƙasar Kongo ya yi aman wuta, narkakken dutse ya ratsa birnin Goma har tafkin Kivu. Dubban iyalai suka tsere zuwa Ruwanda, amma tun ƙasa ba ta gama hucewa ba suka koma gida. A Mayu 2021 dutsen ya sake yin aman.

Komawarsu ganganci ce? A'a, gama talaka ba shi da wani wurin zuwa. Ganganci shi ne mutum ya ji gargaɗi ya yi biris, yana cewa Allah zai tsare. Wannan gwada Ubangiji ne. Nuhu ya gaskata Allah, shi ya sa ya sassaƙa jirgi tun ruwa bai sauko ba.