Tubalin Ayuttaya: Na Matattu Ne Ko Na Rayayyu?

A shekarar 1767 rundunar Bama, ƙasar da yanzu ake kira Myanmar, ta ci Ayuttaya da yaƙi ta banka masa wuta, bayan ya yi sama da shekara 400 yana babban birnin Siyam, wato Tailan ta yau. Idan muka ga hotunan kufan a waya, jajayen hasumiyoyi da jerin gumakan Buda marasa kai, sai mu ɗora wa maharan laifin duka. Amma ba su kaɗai suka rushe shi ba.

Da Sarki Rama na Ɗaya ya kafa sabuwar fadarsa a Bankok a 1782, ana fargabar dawowar Bama, ga ƙarancin kayan gini. Sai aka riƙa zuwa Ayuttaya, tafiyar kimanin kilomita 80, ana ɓamɓaro tubali daga ganuwa da tsohuwar fada, ana gangarowa da shi a jiragen ruwa ta kogin Chao Phraya. Magada ne suka ƙarasa abin da wuta ta rage.

Shin sun yi laifi? Mu dai muna ganin ba su yi ba. Don kare mutane aka gina ganuwa; da mutanen suka tashi, tubalin ya bi su ya ci gaba da aikinsa. Ba za mu ce su kwana babu katanga don mu samu abin ɗaukar hoto ba.

Sai dai ɓarawo ma yana iya aron wannan hujja. A 1957 wasu suka fasa ɗakin ƙarƙashin hasumiyar Wat Ratchaburana suka kwashe zinariya. Abin da aka ƙwato yana gidan tarihi na Chao Sam Phraya. Su ma za su ce mamaci ba ya cin zinariya, su kuwa suna da iyali. Muna iya amsa musu cewa tubali ya koma ganuwar kowa, zinariya kuwa aljihu ta shiga. To, ko wannan bai wanke sarkin tas ba, domin wani tubalin fadarsa ya gina.

Mun san irin wannan gardama a gida. Mukan zagi mai haƙar ƙasar badala a Kano don ya tayar da ɗaki, alhali mu a ɗakunanmu muke zaune. Shi ma yana iya cewa kakanninsa ne suka ɗebo ƙasar a ka. A Ayuttaya kuwa, wanda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 1991, yanzu ko tubali ɗaya ba a yarda ka ɗauka ba.